Ta Dangwala Yatsa, Amma Ba Ta Tashi Ba

Akwai wani babban kanti a bakin titi, irin mai ƙofar gilashin nan, inda ake sayar da kayan gida: sabulu, man girki, bokitai, kwanuka, har tsintsiya. A cikin masu jera kaya a kanta akwai wata yarinya da ake kira Auta. Ita ce ƙarama a gidansu, sunan kuma ya biyo ta har wurin aiki.

Wata baiwar Allah ce ta kawo mini labarin nan, kuma tun da na ji shi hankalina bai kwanta ba. Ni ma ina da 'ya'ya masu fita aiki. Duk uwar da ta taɓa zama tana kallon ƙofa ta san abin da nake nufi.

Su uku ne a gidansu: Auta, Yayarta, da Innarsu. Inna ta samu shanyewar ɓarin jiki shekarun baya. Bakinta ya dawo, hankalinta garau, amma ƙafar hagu ba ta ɗaukarta. Daga gado zuwa banɗaki sai an riƙe ta. Likita ya ja musu kunne ƙwarai: kada a bar ta ita kaɗai, ko na ɗan lokaci.

Sai 'yan matan suka raba yini biyu. Yaya tana aikin kwana a gidan burodi, daga yamma har wayewar gari, don haka ita ke zama da Inna tun safe. Auta tana tashi daga kanti ƙarfe huɗu, ta hau bas, ta iso gida kafin motar gidan burodi ta zo ɗaukar ma'aikata a bakin layi. Motar nan ba ta jiran kowa. Wannan na shigowa, wannan na fita. A haka suke rufa wa juna asiri.

Aikin kantin kuwa Kawunsu ne ya samo mata. Kawu ƙanin Inna ne, makanike, shi ke gyara wa Manajan kantin mota. Da bakinsa ya roƙa, aka ɗauke ta.

To, a kantin nan akwai wata 'yar na'ura manne da bango kusa da ƙofar sito. Da safe ka dangwala yatsa, ta rubuta ka zo. Da yamma ka dangwala, ta rubuta ka tashi. Masu kantin suna can babban ofis, abin da na'ura ta nuna musu shi suka sani. Kuma sun gaya wa Manaja ba sa son ganin kowa ya wuce lokacinsa, in an wuce sai ya yi bayani.

Matsalar ita ce motar kaya ba ta zuwa sai dab da tashi. Maimakon Manaja ya kai kuka sama a gyara, sai ya samo dabara.

"Auta, kin dangwala?"

"Na dangwala, yallabai."

"Madalla. Zo ki ɗan kama mana kwalayen nan. Yanzu-yanzu za mu gama."

Haka yake yi wa kowa. A yi layi a dangwala, sannan a juya a koma sito. A na'ura kowa ya tafi gida. A sito kuwa ana nan ana zufa.

Akwai wata kashiya mai karɓar kuɗi, babbar mace mai barkwanci, ana ce mata Uwar Biyu. Ita ce ta raɗa wa Auta a kunne ranar farko, "Yanzu-yanzun nan nasa, da ciki ne da tuni an haihu har an yaye."

Auta ta yi dariya, amma idonta na kan agogon bango. Wayarta ma tana kulle a loka, akwatin ajiyar ma'aikata, don dokar kantin ce ba a riƙe waya sai an cire rigar aiki.

Ba wai ba ta taɓa gwadawa ba. Wata rana ta tsaya a bakin ofishinsa tana murza yatsu.

"Yallabai, Innata ba ta da lafiya. Idan na makara..."

Bai ma ɗago daga kwamfuta ba. "Kowa yana da uwa, Auta. Ni ma ba daga sama na faɗo ba. Kin san mutum nawa ke kawo mini takardunsu kullum? Albarkacin Kawunki na tsallake su na ɗauke ki. Ko in kira shi in ce aikin ya fi ƙarfinki?"

"A'a, yallabai."

"To je ki kama musu."

Da ta koma gida ta zauna a gefen gadon Inna tana matsa mata ƙafa, ta faɗa mata komai. Inna ta ce, "Yi haƙuri, 'yar nan. Na gaba da kai ba a yi masa musu. Kada ki ba Kawunki kunya. Samun aiki yanzu ba wasa ba ne."

"To ke fa, Inna? Idan Yaya ta fita ban iso ba?"

"Ni me zai same ni? Ina kwance kamar buhu. Wa zai sace buhun da ba ya ɗaukuwa?"

A nan ne Inna ta yi abin da mu uwaye muka iya. Idan lokacin motar burodi ya yi, Yaya tana leƙen ƙofa tana tsaki, sai Inna ta ce, "Tafi abinki, tana hanya. Ta ce mini yau da wuri za ta zo." Idan Auta ta shigo a guje tana haki, sai Inna ta ce, "Ba ku haɗu a layi ba? Fitarta ke nan."

Yaya ba ta dawowa sai gari ya waye, lokacin Auta na ɗaura takalmi. Gaisuwa kawai suke yi a tsaitsaye. Don haka babu wadda ta san cewa kusan kullum tsohuwar nan tana yin sa'a guda, wani lokaci fiye, ita kaɗai a gida. Tana riƙe fitsari, ta ƙi shan ruwa tun azahar, don kada ta buƙaci tashi.

Ranar da abin zai faru, motar kaya ta zo shaƙe da jarkokin man girki. Auta ta dangwala, ta ɗauki jakarta, har ta kai hannu kan loka.

Manaja ya tare ta. "Ina zuwa haka? Ba ki ga mota ba?"

"Yallabai, don Allah yau..."

"Yau ɗin ce ma ba za a tafi ba. Ajiye jakar."

Ta ajiye.

Rana ta kusa faɗuwa lokacin da ta tura ƙofar gidansu. Ta yi sallama, ba a amsa ba. Ta sake yi. Sai ta ji wani ɗan nishi daga lungun banɗaki.

Inna tana kwance a kan siminti, tsakanin ƙofar ɗaki da ta banɗaki. Zaninta a jiƙe. Ƙafarta ta juya wani iri, yadda ƙafar mutum ba ta juyawa. Ta ja jiki da hannu ɗaya har fatar gwiwar hannun ta saluɓe. Allah kaɗai ya san tun yaushe take wurin.

Abin da ta fara cewa shi ne, "Rufe ƙofar, kada maƙwabta su gan ni haka."

A asibiti aka ce ƙashin ƙugu ne ya karye, sai an yi aiki. Aka shiga da ita. Yaya ta iso da garin fulawa a hannun riga, Kawu ya iso da baƙin mai a farce. Suka tsaya su uku a barandar asibiti.

Yaya ce ta fara. "Ƙarfe nawa kika shigo gida?"

Auta ta faɗa.

"Ina kika tsaya?"

"A kanti nake, Yaya. Manaja ne ya riƙe mu. Kullum haka yake yi mana."

"Kullum? Inna ta ce mini kina shigowa da na fita."

"Ni ma ce mini take fitarki ke nan."

Kawu ya ɗaga hannu. "Ku dakata. Wannan ba abin gardama ba ne." Ya ciro waya ya kira Manaja, ya buɗe murya kowa na ji. Bayan gaisuwa da jaje, ya ce, "Yallabai, tambaya ɗaya. Yarinyar nan ƙarfe nawa take tashi?"

"Ƙarfe huɗu mana. Yau ma huɗu ta dangwala. In kana so ka zo in nuna maka, ai na'ura ba ta ƙarya."

"Ba ka riƙe su bayan nan?"

"Haba, Malam. Ni da masu kanti suka hana? In ta fita ƙofa kuma, ban san inda take bi ba. Ka san yaran yanzu."

Kawu ya kashe wayar a hankali ya sa a aljihu. Bai kalli Auta ba.

Yaya ta matso kusa da ita, ta rage murya don kada masu jinya su ji. "Wane ne shi?"

"Wa?"

"Wanda kike tsayawa wurinsa uwarki na kwance a ƙasa."

'Yan uwa, wannan maganar ta fi mari zafi. Me Auta za ta ce? Yatsanta ne a na'ura. Ba wanda ya kama hannunta ya danna mata.

Aka yi wa Inna aiki. Ta farfaɗo, amma magani ya sa ba ta iya doguwar magana. "Ku bar mini yarinya," kawai take cewa, ta koma barci. Yaya ta daina yi wa Auta magana sai abin da ya zama dole. Idan Auta ta kawo abinci, ta karɓa ba ta dube ta ba. Idan wayar Auta ta yi ƙara, sai Yaya da Kawu su kalli juna.

Da Auta ta koma aiki, ta sami Uwar Biyu a wurin lokoki.

"Anti, ki taimake ni. Ki zo ki gaya wa Kawuna gaskiya. Ke za su yarda da ke."

Barkwancin Uwar Biyu ya ɗauke. Ta daɗe tana gyara ɗankwalinta. "Auta, ubansu 'yan biyu ba ya aiki. Idan mutumin nan ya ji na buɗe baki, ranar zan bar kantin nan. Ki yafe mini." Ta juya za ta tafi, sai ta tsaya. "Abin da ke ci mini rai, mu muke yi wa kanmu. Shi ƙaryar kawai yake shiryawa. Mu ne muke yin layi kullum muna sa mata hannu."

Maganar nan ta zauna wa Auta a ƙirji yini guda. Tana jera sabulu tana juya ta.

Shi kuwa Kawu, abin ya hana shi sukuni. Shi ya kai ta aikin, 'yar yayarsa ce, in ta lalace a wuyansa take. Sai ya ƙudura zai ga inda take zuwa da idonsa. Bai gaya wa kowa ba. Ya rufe gareji da wuri, ya je ya tsaya a tsallaken titi yana jiran ta fito ya bi bayanta.

Rana ta dame shi, ga ƙishirwa. Ya ce bari ya shiga ya sayi ruwa, ya fake daga ciki. Ya ɗauki gorar ruwa ya tsaya bayan wani tulin bokitai da aka jera har sama, ba nisa da ƙofar sito.

Huɗu ta buga. Ma'aikata suka fara layi gaban na'ura. A waje an ji motar kaya tana ja da baya tana ƙara.

Auta ba ta shiga layi ba. Ta tsaya gefe, hannayenta a bayanta.

Manaja ya fito yana tafa hannu. "Maza, maza, mota ta iso. Auta, me kike jira? Dangwala mu wuce sito."

Auta ta ce, "Yallabai, ɗaya za ka zaɓa mini. In na dangwala, gida zan tafi. In kana so in tsaya, zan tsaya, amma ba zan dangwala ba sai na gama."



"Me kika ce?"

"Yau zan iya tsayawa, Inna tana asibiti, akwai masu duba ta. Ranar da ta dawo gida kuwa, huɗu na yi zan tafi. Ba raini ba ne, yallabai. Ba zan ƙara sa yatsa a kan na tafi alhali ina nan ba."

Manaja ya yi wata dariya marar daɗi. Ya juya ga sauran kamar yana neman shaida. "Ku ji mini yarinya. Yau kika fara? Wata nawa kina dangwalawa ki koma sito har rana ta faɗi, ba ki taɓa cewa uffan ba? Sai yau za ki zo mini da wa'azi?"

Baki dai shi ke yanka wuya.

Bokiti ɗaya ya faɗo daga saman tulin, ya gangara har gaban na'ura. Kawu ya fito daga baya, gorar ruwa a hannunsa ko buɗe ta bai yi ba.

"Wata nawa ka ce, yallabai?"

Fuskar Manaja ta canja. "A'a, Malam, yaushe ka shigo? Ai da ka yi magana an ba ka kujera."

"Ka ce mini huɗu take tashi."

"Ai a na'ura..."

"Ban tambayi na'ura ba. Kai na tambaya, a barandar asibiti, yayata tana ɗakin tiyata." Kawu bai ɗaga murya ba. "Motarka in na ce maka na canja birki, ba ka leƙawa. Yarda ce. Ni ma haka na yarda da kai, har na zargi 'yar yayata da abin da ba zan iya maimaitawa ba."

Uwar Biyu ce a gaban layi, yatsanta a ɗage saura kaɗan ya taɓa gilashin. Ta dubi yatsan, ta dubi Auta. Sai ta sauke hannun ta goge shi a jikin rigarta.

"Ni ma yatsan nan yau ciwo yake mini," ta ce. "Sai na gama da kwalaye zai warke."

Wani ya yi dariya a baya, ya haɗiye. Mutum biyu suka fita daga layi suka tsaya kusa da ita. Wasu kuwa suka dangwala suka sunkuyar da kai suka shige sito yadda aka saba. Ban ga laifinsu ba, kowa ya san abin da ya baro a gida.

Auta ta tsaya ta yi aikin ranar har ƙarshe, sannan ta dangwala. Da ta fito, Kawu yana zaune a kan dakalin bakin kanti. Ya miƙe. Kun san manyanmu, kalmar nan ta "yi haƙuri" tana yi musu nauyi a gaban yaro. Ya yi gyaran murya sau biyu, sannan ya ce, "Kawo jakar."

"Kawu, ba nauyi."

"Na ce kawo."

Haka dattijon nan ya rataya jakar mata mai ɗan fure a kafaɗa, ya bi titi da ita har tashar bas, mutane na kallo.

A asibiti shi ya yi bayani da bakinsa. Yaya ta saurara har ya gama, ta tashi ta fita baranda. Da ta dawo idonta ya yi ja. Ta zauna kusa da Auta a kan benci, ta jawo kanta ta ɗora a kafaɗarta.

Kada ku ɗauka komai ya gyaru. Da na'ura ta nuna mutum huɗu sun wuce lokaci, babban ofis ya yi tambaya, aka ja wa Manaja kunne, aka mayar da zuwan motar kaya safe. Amma yana nan a kujerarsa. Ya cire Auta daga cikin kanti ya tura ta sito wurin ɗaukar kaya masu nauyi, ya rage mata ranakun aiki, ko gaisuwarta ba ya amsawa. Motarsa ma ya kai wani gareji.

Inna kuwa, likita ya ce ƙashin ya haɗu amma ƙafar ba za ta ƙara takawa ba, ko da an riƙe ta. A keken marasa lafiya aka dawo da ita gida.

Ranar da suka dawo, 'yan matan biyu suka ɗaga ta tare, ɗaya a kafaɗa ɗaya a ƙafa, suka kwantar da ita. Auta tana gyara mata matashi, sai Inna ta riƙe mata hannu da hannunta mai lafiya.

"Gobe in ya ce ki tsaya, me za ki ce masa?"

"Zan ce Inna tana jirana."

Inna ta girgiza kai a kan matashin. "Kada ki fake da ni. Ni yau ina nan, gobe ba na nan. Ki ce masa lokacinki ya cika. Ko babu mai jiranki a gida, ai ke ma mutum ce."

Darasi: Ladabi daban, sa hannu a kan ƙarya daban. Idan an ce ka wuce lokacin aikinka, ka yi magana cikin girmamawa tun ranar farko, kuma kada ka yarda a rubuta ka tashi alhali kana aiki, don ranar da abu ya ɓaci wannan rubutun za a ɗauko a kanka. Ku masu riƙe da ma'aikata, ku ji tsoron Allah, "ɗan tsaya" ɗin da kuke faɗa da sauƙi wataƙila wani ne yake biyansa a kwance a ƙasa. Mu kuma uwaye, mu daina ɓoye wa 'ya'yanmu wahalarmu da sunan tausayi, mu koya musu yadda ake cewa a'a ba tare da rashin kunya ba. Don Allah ku tura wa duk wanda yake da ɗa ko 'ya a bakin aiki, wataƙila yau ma akwai wadda take tsaye gaban irin na'urar nan.